Tindo: Harshen da Ranarsa Ta Faɗi Ta Sake Fitowa

A ƙarshen shekarar 2007 hukumar birnin Adelaide, hedikwatar jihar Ostireliya ta Kudu, ta fito da wata motar bas wadda ba ta shan fetur, ba ta shan gas. Da batir take tafiya, batirin kuma ana cika shi da wutar sola daga faifan da aka shimfiɗa a rufin babbar tashar motocin birnin. A lokacin kyauta take ɗaukar fasinja. Sunan da aka raɗa mata shi ne Tindo, wato rana, a harshen Kaurna, mutanen da suke zaune a wannan fili tun kafin a aza tubalin farko na birnin. Ana furta sunan nasu kusan kamar a ce Gaana.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan suna shi ne, shekara 78 kafin fitowar motar aka binne mace ta ƙarshe da ta tashi da harshen Kaurna a bakinta. Babu faifai ko kaset da ya riƙe muryarta. To ta ina kalmar ta biyo har ta hau jikin mota? Amsar ta ratsa ta Jamus da Afirka ta Kudu, ta kuma nuna mana abin da takarda ke iya ajiyewa daga harshe da abin da ya fi ƙarfinta.

Ƙasa mai harsuna 250

'Yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin, sun haura shekara dubu 50 a wannan nahiya. Lokacin da jiragen ruwan Birtaniya suka sauke fursunoni da sojoji a Sidni a watan Janairun 1788, ana magana da harsuna kimanin 250 a ƙasar, kowanne da karorinsa. Kalmar kangaru da duniya ta sani daga ɗaya daga cikinsu ta fito, harshen Guugu Yimithirr na can arewa maso gabas, inda mutanen Kyaftin Cook suka ji ta a 1770. Rahoton da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2020 ya nuna harsuna 123 ne ake ɗan amfani da su a lokacin, kuma 12 kacal daga cikin na gargajiya ke da ƙarfin da yara ke tashi da su a gida.

Turawa ba su kafa mulki a ƙasar Kaurna ba sai a watan Disambar 1836. Amma cutarsu ta riga su isa. Agana ta biyo kogin Murray daga gabas ta yi wa mutanen yankin ɓarna tun kafin a kafa mulkin. A 1837 wani sojan safiyo, Kanar William Light, ya auna filin ya zana titunan Adelaide a gefen kogin da Kaurna ke kira Karrawirra Pari, kogin kurmin jan turare. Sunan Kanar ɗin da Turanci yana nufin haske, kuma har gobe mutum-mutuminsa na tsaye a kan tudu yana nuna birnin da yatsa. Masu filin kuwa sai suka wayi gari an raba wuraren farautarsu fegi-fegi an sayar.

'Yan mishan biyu daga Dresden

A watan Oktoban 1838 wasu samari biyu Jamusawa, Christian Teichelmann da Clamor Schürmann, suka sauka Adelaide. Ƙungiyar mishan ta birnin Dresden ce ta turo su, kuma jirgi ɗaya suka shigo da sabon gwamna, George Gawler. Aikin da ya kawo su shi ne yaɗa addinin Kirista, sai dai sun zo da aƙidar cewa ba a yi wa mutum wa'azi sai da harshen uwarsa. Don haka suka zauna a gaban dattawan Kaurna suna tambaya suna rubutawa. Tarihi ya riƙe sunayen uku daga cikin malaman nasu: Mullawirraburka, da Kadlitpinna, da Ityamaiitpinna. Turawan birni ba su wahalar da kansu da waɗannan sunaye ba, sai suka laƙaba musu Sarki John, Kyaftin Jack da Sarki Rodney.

A watan Disambar 1839 suka buɗe makaranta a Pirltawardli, a bakin kogi, inda ake koya wa yara karatu da rubutu da harshen Kaurna. A 1840 kuma suka buga ɗan littafi mai nahawu da jimloli da kalmomi kimanin 2,000. Mai sha'awar tarihin rubutun Hausa zai ji wannan labari bai yi masa baƙo ba, domin shekara uku bayan nan, a 1843, wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa. Bambancin shi ne Hausa tana da jama'a masu ɗimbin yawa da malamai masu rubutun ajami, ko babu Schön tana nan daram. Kaurna kuwa, rana na zuwa da wannan ɗan littafi zai zama kusan duk abin da ya rage mata.

Littafin ya nuna harshe mai rai da ke raɗa wa baƙin abubuwa suna. Baturen da ya zo fari fat, sai suka kira shi pindi meyu, mutumin kabari, don sun ɗauka matattunsu ne suka dawo. Doki ya samu sunan namijin kangaru. Da suka ga agogo kuwa, suka lura da aikin da yake yi wa mai shi, sai suka kira shi tindo. A ganinsu wannan ɗan ƙarfe da Bature ke zarowa daga aljihu aikin rana yake yi, don haka sunanta ya dace da shi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma kalma ɗaya muke da ita ga ranar da ke sama da ranar da ake ƙirgawa, haka wata na sama da watan kalanda.

Sama a bakin Kaurna

Daga rubuce-rubucen 'yan mishan ɗin ne muka san yadda Kaurna ke karanta hasken sama. Tindo mace ce, wata kuma, Kakirra, namiji ne, daidai da yadda nahawunmu ya raba su. Mu mun aurar wa wata Zara. Su kuwa rana suka aurar masa, suka ce duk wata sai ta lakaɗa masa dukan da zai rame har ya mutu, sannan ya farfaɗo. Labari ne mai ban dariya, amma duk yaron da ya ji shi ya riƙe cewa wata yana raguwa, ya ɓace, ya dawo, a kan ƙa'ida.

Farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama a daren da babu farin wata, Kaurna na kiransa Wardlipari, kogin bukkoki. Kogi ne a sama mai kama da nasu na ƙasa, taurarin gefensa kuma wutar da mazauna bakin kogin suka hura ce. Baƙaƙen gurabun da ke cikinsa tafkuna ne, mazaunin wani dodo mai suna Yura. Wato ba hasken kaɗai suke karantawa ba, har duhun da ke tsakani yana da suna. Tarin taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, a wurinsu 'yan mata ne masu tonon saiwa, na kusa da su kuma samari ne mafarauta.

Wannan ilimi na cin abinci ne da neman mafaka. Shekararsu kashi huɗu ce: Warltati lokacin zafi, wanda a can yake kamawa daga wajen Janairu, sai Parnati mai iska, sai Kudlila mai ruwa da sanyi, sai Wirltuti lokacin da gari ke ɗumi tsirrai su yi fure. Parnati ta samo sunanta daga wani tauraro, Parna. Bayyanarsa ita ce sanarwar cewa ruwa ya kusa, a bar bakin teku a matsa cikin kurmi wajen gindin duwatsu, a gyara bukkoki, a ɗinka bargunan fata. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon manomi yana lissafin taurarin damina ya san irin wannan karatu.

A nan ne kuma muka fara ganin iyakar takarda. Jamusawan sun rubuta cewa Parna tauraro ne, amma ba su rubuta wanne ba ne a cikin dubban da ke sama. Su malaman addini ne da nahawu, ba masana taurari ba. A zamaninmu sai da masu binciken sararin samaniya suka koma ga manhajar da ke nuna yadda saman Adelaide yake a wancan ƙarni, suna lissafin wane tauraro mai haske ne ke fitowa gabanin alfijir a wannan lokaci na shekara. Abin da kowane yaron Kaurna zai nuna da yatsa a 1839 ya zama aikin bincike na jami'a.

Abin da ke zaune a cikin hira

Domin mu auna irin abin da ke salwanta idan harshe ya koma ƙamus, sai mu leƙa inda wani harshen yake da sauran masu magana. A ƙauyen Pormpuraaw, can arewa a gaɓar Cape York ta jihar Queensland, akwai masu harshen Kuuk Thaayorre. A hirarsu ta yau da kullum gabas da yamma da kudu da arewa ne ke yin aikin da dama da hagu ke yi mana. Mutum zai ce a matsar da kwano kudu kaɗan, ko ya ce yaron da ke tsaye arewa da wance ƙanensa ne. Gaisuwarsu ma tambaya ce ta ina aka nufa, amsar kuma sai da shiyya. Wanda bai san inda rana ke fitowa ba, ko gaisuwa ba zai iya amsawa ba.

A 2010 masu bincike biyu, Lera Boroditsky da Alice Gaby, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a ƙauyen. Sukan ba mutum hotuna, misali na wani tun yana yaro har ya tsufa, su ce ya jera su a ƙasa bisa tsari. Mai Turanci daga hagu yake farawa zuwa dama, kamar rubutun boko. Mai Ibrananci daga dama yake farawa, kamar ajami. Mutanen Pormpuraaw kuwa, in suna fuskantar kudu sai su jera daga hagu zuwa dama, in suna fuskantar arewa su jera daga dama zuwa hagu, in gabas suke kallo su jero hotunan zuwa jikinsu. Ba a gaya musu shiyyar da aka zaunar da su ba. A kowane zama lokaci yana tafiya ne daga gabas zuwa yamma, yana bin sawun rana.

Harshen Thaayorre daban, na Kaurna daban, tsakaninsu tafiyar dubban kilomita ce. Amma misalin ya isa ya nuna cewa akwai ilimin da ba a cikin kalma ɗaya yake ba. Yana cikin yadda uwa ke aiken ɗanta da yadda maƙwabta ke gaisawa, sau ɗari a wuni. Irin wannan shi ke fara tafiya idan aka raba yaro da harshen gidansu.

Faɗuwar rana

Raba yaran Kaurna da harshensu bai ɗauki lokaci ba. A 1841 George Grey ya gaji Gawler a kujerar gwamna. Grey mutum ne mai sha'awar tara littattafan harsuna, amma a mulkinsa yana ganin Turanci ne kaɗai zai mayar da 'yan ƙasa ma'aikatan Turawa. A 1845 aka rufe makarantar Pirltawardli, aka kwashe yaran zuwa wata makaranta a cikin birni inda ba a koyarwa sai da Turanci. Shekara biyu kafin nan, wasu daga cikin yaran sun rubuta wasiƙu da hannunsu cikin harshen Kaurna, aka aika Jamus, suna roƙon a turo musu kayan wasa. Wasiƙun suna nan a ajiye, suna cikin 'yan rubuce-rubuce ƙalilan da masu harshen suka bari da kansu.

Daga 1850 aka fara tura samari da 'yan matan makarantar zuwa Poonindie, wata tashar mishan da ke tsallaken teku kusa da Port Lincoln, nesa da iyayensu. Waɗanda suka rage, cuta da yunwa da kora suka tarwatsa su, wasu suka ƙare a tashoshin Point McLeay da Point Pearce cikin wasu ƙabilu. A 1857 Teichelmann ya kammala wani ƙamus da ya fi na farko zurfi, cike da misalan jimloli. Babu mai buga shi, kuma kusan babu sauran wanda zai yi wa wa'azi da shi. Sai ya aika wa Grey, wanda a lokacin yake gwamna a Cape Town. Mutumin da ya rufe makarantar shi ya adana ƙamus ɗin, ya shiga cikin tarin littattafan da ya bar wa laburaren birnin. A nan Afirka mafi kyawun taskar harshen Kaurna ta kwanta fiye da shekara ɗari.

Ityamaiitpinna, ɗaya daga cikin dattawan nan uku, ya bar 'ya mai suna Ivaritji. Ta rayu har ta tsufa, ta ga birni ya haɗiye wuraren da ta yi wasa. Masu bincike irin su Daisy Bates da Norman Tindale sun zauna da ita sun rubuta kalmomi da sunayen wurare. Na'urar naɗar murya tana nan a lokacin, domin tun 1899 aka naɗi waƙoƙin Fanny Cochrane Smith a tsibirin Tasmaniya. Ba wanda ya kawo ta gaban Ivaritji. Ta rasu a Point Pearce a watan Disambar 1929.

Harshen ya yi shiru, jama'ar ba su ƙare ba. Jikokinsu sun rayu ƙarƙashin dokokin da suka ba hukuma ikon ƙwace yara daga iyayensu, abin da sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa. A watan Yulin 1971, a dandalin Victoria da ke tsakiyar Adelaide, aka fara ɗaga tutar Aborijin wadda Harold Thomas ya zana: baƙi a sama don mutane, ja a ƙasa don ƙasa, da rawayar rana a tsakiya. In rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta.

Fitowa ta biyu

A wajen 1990 wasu dattawan Kaurna, cikinsu har da Lewis O'Brien da Alitya Rigney, suka haɗa kai da wani masanin harshe, Rob Amery, suka koma kan tsofaffin takardun. Da waƙoƙin yara aka fara. A 1992 makarantar Kaurna Plains, inda Rigney take shugaba, ta sa harshen a jadawalinta. Jami'ar Adelaide ta bi baya a 1997, a 2002 kuma aka kafa kwamitin Kaurna Warra Pintyanthi mai kula da aikin.

Matsala ta farko ita ce furuci. Mu ɗauka wani ya tsinci littafin Hausa a duniyar da babu Bahaushe ko ɗaya. Ta yaya zai san garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo ba furucinsu ɗaya ba, alhali boko ya rubuta su iri ɗaya? Haka Jamusawan suka yi wa Kaurna. Harshen yana da ra iri uku, da ta da na da la kala-kala, wasu a haƙori wasu a ganɗa, kunnen Bajamushe kuma bai rarrabe su duka ba. Mafita ita ce maƙwabta. Harsunan Nukunu da Narungga da Adnyamathanha 'yan'uwan Kaurna ne, kuma an samu muryoyin wasunsu a kaset, na ƙarshen ma yana da masu magana. Aka bi kalma-kalma ana gwadawa. Sakamakon haka a 2010 aka sabunta ƙa'idar rubutu, tindo ta koma tirntu, wadda ta fi kusa da yadda ake kyautata zaton Ivaritji ke faɗa.

Matsala ta biyu ita ce rayuwar zamani. Aka bi hanyar da kakanni suka bi da agogo. Kwamfuta ta zama mukarntu, daga kalmar ƙwaƙwalwa da kalmar walƙiya. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja ba mu taɓa jin sunan da ya dace da na'urar kamar wannan ba. Lambobi daga biyar zuwa tara aka ciro su daga sunayen da Kaurna ke ba 'ya'ya bisa jerin haihuwa, daga ɗan fari har na tara. Aka samar da gaisuwa: niina marni, kana lafiya, da marni naa pudni, barkanku da zuwa.

Yau dandalin Victoria yana amsa sunan Tarntanyangga, kogin Torrens ya dawo da sunansa na Karrawirra Pari a hukumance, wani dandalin kuma yana ɗauke da sunan Ivaritji. A 2018 kotu ta amince da haƙƙin Kaurna na asali a kan yankin. Tun 2015 babban gidan zane-zanen jihar ke shirya bikin masu fasaha 'yan asalin ƙasa mai suna Tarnanthi, kalmar da ke nufin ɓullowa, irin ta hasken farko na alfijir. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne akwai matasa irin su Jack Buckskin, malamin harshen, da ke yi wa 'ya'yansu magana da Kaurna a gida. Masu iya doguwar hira da shi ba su da yawa, kuma su da kansu suna cewa harshen da aka tayar ba zai zama sak da na 1836 ba. Da babu gara ba daɗi.

Idan muka nemi gurbinmu a wannan labari, gaskiya ita ce Hausa ta fi kusa da matsayin babban harshen da ƙanana ke narkewa a cikinsa. A ƙasar Bauchi harshen Ajawa ya ɓace a ƙarnin da ya wuce, masu shi suka koma Hausa, kuma akwai wasu da dama a Bauchi da Gombe da Filato da Kaduna da tsofaffi kaɗai ke riƙe da su. Ko a cikin Hausar ma, yaro nawa ne a birni zai bambance hantsi da walaha, ko la'asar sakaliya da almuru, ba tare da ya duba fuskar waya ba? Wayar nan kuwa tana da abin da aka hana Ivaritji. Wanda yake da kaka mai wani harshe, ko mai tsohuwar Hausa, ya zauna da ita ya naɗi muryarta tana hira, ba jerin kalmomi kawai ba. In ta ambaci tauraro, ya jira dare ya fita da ita tsakar gida, ya ce, "Kaka, wanne ne a ciki?"